Wurin da aka ƙona a huhun mahaifinmu ya fi dā girma a hoton bayan wata ɗaya: ciwon ne ya dawo?

Malamin Makaranta, ƙaramar hukumar Ringim

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar likitoci da duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan lalura, domin al'amarin mahaifinmu ya tsaya mana a rai, kuma a ƙauyenmu babu wanda za mu tambaya ya ba mu amsar da hankali zai kwanta da ita.

Shekara biyu da suka wuce aka yi wa Baba tiyatar sankarar hanji a Kano, aka yanke wurin da ya kamu, ya kuma kammala allurar kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ya samu sauƙi har ya koma lura da gonarsa. A bana hoton siti sikan da ake yi masa don bibiya ya nuna ƙari guda ɗaya a huhunsa na dama mai faɗin santimita 1.8, likitoci suka ce waccan sankarar ce ta yi reshe zuwa can. Saboda shekarunsa sun kai 71, ga kuma ciwon sukari, ba a so a sake buɗe shi ba, sai aka ba da shawarar a ƙona ƙarin da allura mai zafi wadda ake sokawa ta tsakanin haƙarƙari. Muka haɗa abin da Allah ya hore, har da shanun huɗarsa da aka kai kasuwar Maigatari, ƙanena ya raka shi Alƙahira, aka yi aikin da na'urar maikurowef, wadda ke sa allurar ta fitar da zafi. Likitan da ya yi aikin ya ce an dace, ya umarce mu da mu yi hoton siti bayan wata ɗaya.

Mun yi hoton a Kano kamar yadda aka ce. Takardar sakamakon ta nuna cewa a daidai wurin akwai wani abu mai faɗin santimita 4.3, da hazo-hazo kewaye da shi. Tun daga ranar gidanmu ya rikice. Baffanmu, wanda shi ne babba a dangi bayan Baba, ya ce abin da yake ƙasa da santimita biyu ya haura huɗu cikin wata guda, don haka zafin wutar ne ya tayar da ciwon, kuma gara a haƙura da asibiti a koma ga na gargajiya. Shi kuwa Baba yana cin abinci, yana fita masallaci da ƙafarsa, sai dai ɗan tari da ɗan ciwo a gefen da aka soka allurar.

Tambayata ita ce, shin wannan girman yana nufin aikin bai yi ba? Kuma wane irin hoto ya kamata mu riƙa yi nan gaba, a wane lokaci, ganin cewa kowace tafiya Kano da kuɗin hoton nauyi ne a kanmu?

Likitan Hoto, Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi. Ba zan iya yanke hukunci a kan hoton da idona bai gani ba, amma abin da ka bayyana shi ne ainihin abin da muke fatan gani wata ɗaya bayan an ƙona ƙari a huhu, kuma da takardar ta ce wurin yana nan a santimita 1.8 ɗinsa babu wani abu kewaye da shi, da hankalina ya fi tashi.

Dalili shi ne likitan ba ƙarin kaɗai yake ƙonawa ba. Da gangan yake haɗawa da lafiyayyen naman huhu da ke kewaye da shi, aƙalla milimita 5 ta kowane ɓangare, wasu ma suna neman ya kai santimita guda, saboda ƙwayoyin sankara suna iya yin sako-sako a gefen ƙari ta yadda hoto ba ya nuna su. Zafin da allurar ke fitarwa yana haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, wanda a nan ƙwayoyin nama suke mutuwa nan take. Bayan haka jiki yana mayar da martani da kumburi, ruwa da ɗan jini suna taruwa a cikin ƙananan buhunan iska na huhu, shi ne hazon da aka rubuta muku. Manomi ya san cewa idan ya cinna wa kututture wuta a gona, baƙin da wutar za ta bari a ƙasa ya fi kututturen faɗi, kuma idan saiwar ba ta mutu ba, daga gefen baƙin ne toho zai fito, ba daga tsakiya ba. Abin da aka auna aka samu 4.3 shi ne baƙin, ba kututturen ba, kuma aikinmu na watanni masu zuwa shi ne sa ido a kan gefen.

Saboda haka hoton nan na wata ɗaya ba da hoton kafin aiki ake auna shi ba. Shi ne sabon ma'auni, kuma duk hotunan da za su biyo baya da shi za a gwada su. A watanni ukun farko wurin yana iya tsayawa yadda yake, yana ma iya ɗan ƙaruwa, ba tare da hakan ya zama abin tsoro ba. Daga wata na uku ya kamata ya tsaya ko ya fara ja da baya, kuma a wata na shida muna so mu ga bai fi yadda yake a wata na farko ba. Idan kuwa wuri ya fara ƙanƙancewa sannan ya sake kumbura, ko ya ci gaba da girma bayan wata shida, to a nan ne muke zargin cewa akwai ragowar ciwon.

Ina so ku sani tun yanzu cewa a mafi yawan mutane wurin ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Wani yakan zama siririn tabo kamar zare, wani ya zama ɗan dunƙule da zai zauna shekara da shekaru ba ya motsi, wani kuma mataccen naman ya fita ta hanyar numfashi ya bar kogo. Duk waɗannan suna iya zama alamar warkewa. Na ga iyalai da yawa suna jiran ranar da takarda za ta ce huhu ya koma tas, idan ba ta zo ba sai su karaya, alhali abin da ake nema shi ne tabon da ba ya canzawa.

Girma kaɗai ba ya isa, shi ya sa ake yin hoton da allurar rini wadda ke bin jini. Mataccen nama ba shi da jijiyar jini, don haka ba ya ɗaukar rinin. Idan muka ga siririn zobe mai santsi, kaurinsa ɗaya ta kowane gefe, yana haske kewaye da wurin a watannin farko, wannan aikin warkewa ne. Abin da ke ɗaga mana hankali shi ne ƙulli mai kauri da ya tsiro a gefe ɗaya yana shan rini, musamman idan ya kai santimita guda, ko kuma tsakiyar wurin ta fara haske. Mukan fi zuba ido a gefen da ke jingine da babbar jijiyar jini, domin jijiyar da kaurinta ya wuce milimita 3 tana kwashe zafi yayin aikin, ta bar naman da ke manne da ita bai ƙonu sosai ba. Na'urar maikurowef ta fi tsohuwar hanyar wutar lantarki jure wannan matsala, amma ba ta kuɓuta daga ita gaba ɗaya ba. Wani abin da ke ƙarfafa mini gwiwa game da Baba shi ne ƙanƙantar ƙarin nasa, domin wannan aiki ya fi cin nasara a ƙarin da bai kai santimita 3 ba, ballantana wanda bai kai 2 ba.

Game da lokaci, asibitoci sun ɗan bambanta, amma tsarin da aka fi bi shi ne siti a wata na farko, sannan a wata na uku, sai duk bayan wata uku har shekara ta cika, daga nan a riƙa tazarar wata shida idan komai yana tafiya daidai. Hoton ƙirji na gama-gari da ake yi a babban asibitin ƙaramar hukuma ba zai maye gurbin siti a wannan aiki ba. Yana da amfani idan ana zargin iska ko ruwa sun taru a ƙirji, amma ba zai nuna ƙullin milimita bakwai a gefen tabo ba.

Ɗan Kasuwa, Dambatta

Malam, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Mu ma an yi wa mahaifiyarmu irin wannan aiki a Indiya, kuma darasin da ya fi yi mana tsada shi ne na faifai. Da muka dawo, takardu kawai muka riƙe, faifan hoton da aka ba mu kuwa ya shige cikin kaya ba wanda ya kula da shi. Da aka yi mata hoton farko a gida, wanda ya karanta bai san an ƙona wurin ba, domin a takardar neman hoton an rubuta tari da ciwon ƙirji ne kawai, sai ya rubuta cewa akwai babban ƙari da ake zargin sankara ce. Hajiya ta kwana biyu ba ta iya cin abinci ba saboda wannan takarda. Sai da muka tono faifan, muka haɗa da rahoton aikin muka mayar, aka ɗora hotunan biyu gefe da gefe a kwamfuta, sannan aka sake rubuta sakamakon.

Don haka ka bincika ko wanda ya karanta hoton Baba ya san abin da aka yi masa a Alƙahira. Ka nemi faifan kowane hoto, kada ka yarda da takarda ko baƙin fim kaɗai, ka rubuta kwanan wata a jikin kowanne, ka adana su a leda mai kauri nesa da rana da ƙura, ka kuma sa a kwafe maka su a waya ko kwamfuta, saboda faifai yana karcewa.

Shawarata ta biyu ita ce, idan da hali ku kai shi Legas a yi masa hoton PET yanzu, domin an ce shi ne yake bambanta ciwo mai rai da mataccen nama. In kun yi shi sau ɗaya kun huta da zullumi, kuma bakin masu cewa a bar asibiti zai mutu.

Ma'aikaciyar Jinya, sashen tarin tibi, masarautar Haɗejiya

Ɗan'uwa, ina yi wa Baba fatan samun lafiya mai ɗorewa. Ni ba hoto nake karantawa ba, amma maganar kogo da Likita ya yi ta sa dole in tsoma baki, domin a wurinmu duk wanda aka ga kogo a huhunsa kuma yana tari, abin da ke fara zuwa zuciyar ma'aikacin lafiya shi ne tarin tibi, kuma yana da hujja, tunda cutar tana da yawa a karkararmu. Idan watarana Baba ya je ƙaramin asibiti da tari, aka yi masa hoton ƙirji aka ga rami, kada ku bari a ɗora shi a kan maganin wata shida bisa hoton kaɗai. Ku nuna takardar aikin da aka yi masa, ku nemi a yi gwajin kaki da na'urar GeneXpert, wanda kyauta ne a cibiyoyin gwamnati masu kula da tarin tibi. Amma kuma kada ku ce tunda an ƙona wurin ba zai iya kamuwa da tibi ba. Dattijo mai ciwon sukari wanda ya sha kimo garkuwar jikinsa ta yi rauni, don haka tarin da ya wuce mako biyu, da zufar dare, da rama, dalili ne na kawo kaki a gwada. Akwai kuma wata fumfuna da takan samu irin wannan kogo ta yi gida a ciki, ita ma tana sa tarin jini, kuma maganin tibi ba ya taɓa ta.

Ɗan zazzaɓi da kasala da ciwo a wurin allura a makon farko ko na biyu abu ne da aka saba gani. Abubuwan da ba a jira ranar hoto a kansu su ne numfashi ya riƙa sarƙewa farat ɗaya, ko ciwon ƙirji mai tsanani ya taso, ko jinin tari ya wuce ɗan ɗigo-ɗigo a kaki, ko zazzaɓi mai zafi ya zo da kaki mai wari. Taruwar iska tsakanin huhu da bangon ƙirji ita ce matsalar da ta fi yawan biyo bayan wannan aiki, kuma ko da yake yawanci a ranar aikin take faruwa, takan makara ta zo daga baya. Idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku nufi babban asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne.

Ina kuma roƙon ku raba shi da hayaƙin itace da na ƙona shara, idan hunturu ya kama kuma ya riƙa rufe hanci da baki in zai fita. Game da Baffa, ku bi shi da girmamawa, ku tafi da shi ranar ganin likita ya ji da kunnensa, domin dattijo ya fi yarda da abin da aka faɗa masa ido da ido a kan abin da yara suka karanto masa a waya.

Malamin Makaranta, ƙaramar hukumar Ringim

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri. Na duba takardar neman hoton, babu inda aka ambaci ƙonawa a cikinta, tsohuwar tiyatar hanji kawai aka rubuta. Faifan Alƙahira yana hannun ƙanena, kuma mun shirya mayar da shi tare da na Kano. Likita, Allah ya ƙara girma, ina da sauran tambaya. Shin mu fara neman kuɗin zuwa Legas kamar yadda Alhaji na Dambatta ya ce? Idan kuma ƙarfinmu bai kai mu yi dukan hotunan shekarar farko ba, wanne ne bai kamata ya wuce mu ba? Sannan Baba yana shan metfomin, maganin ciwon sukari, kuma wani ya ce mini allurar rini tana lalata ƙodar masu ciwon sukari.

Likitan Hoto, Kano

Malam, maganar Alhaji a kan faifai da takardar neman hoto gaskiya ce tsantsa, kuma ita za ku fara yi. A sa likitan Baba ya rubuta ranar da aka yi aikin, da ɓangaren huhun, da irin na'urar, da girman ƙarin kafin a ƙona shi, a kuma nemi a gwada sabon hoton da tsofaffin. Sashen hoto na asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano yana da likitocin da za su iya wannan gwadawa, kuma ya fi kyau ku tsaya a wuri ɗaya kuna yin hotunan, saboda bambancin na'ura da yadda take ɗaukar hoton yana iya sa milimita biyu ko uku su ƙaru ko su ragu ba tare da komai ya canza a jiki ba.

Amma a kan zuwa Legas yanzu, da girmamawa ga Alhaji, ban goyi baya ba. Hoton PET yana aiki ne da wani nau'in sukari mai fitar da haske wanda ake zubawa a jini, sai duk naman da ke cin sukari da yawa ya haskaka. Sankara tana cin sukari, amma naman da ke kumburi yana warkewa shi ma yana ci. A watanni ukun farko gefen wurin da aka ƙona yakan haskaka, har kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji takan kumbura ta haskaka saboda martanin jiki kawai, sannan ta lafa da kanta. Idan kuka yi shi yanzu, mai yiwuwa ku kashe kuɗi mai yawa ku dawo da takardar da ta fi ta farko tayar da hankali, kuma ba za ta raba gardama ba. Amfaninsa yana fitowa ne bayan wata uku, da yawa ma sun fi son a kai wata shida, kuma musamman idan siti ya nuna wani abu da ba a gane kansa ba. Ga mai ciwon sukari akwai ƙarin sharaɗi, domin sai ya yi kamar awa shida bai ci abinci ba kuma sukarin jininsa ya daidaita, in ba haka ba hoton ba zai fito da kyau ba. Ko PET ɗin ma ba shi ne ƙarshen magana ba, domin idan zargi ya yi ƙarfi, ɗebo ɗan nama da allura a gwada shi ne yake tabbatarwa.

Game da ƙarancin kuɗi, a ra'ayina hotunan wata na uku da na shida da na sha biyu su ne ginshiƙai, kuma idan dole sai an sassauta wani, ku bar likitan sankarar da ke ganin Baba ya zaɓa, kada ku yanke da kanku. Dalilin da ya sa nake matsawa a kan shekarar farko shi ne yawancin ragowar ciwo a wurin da aka ƙona a shekara ɗaya zuwa biyu na farko yake bayyana, kuma idan aka kama shi yana ƙarami ana iya sake ƙona shi, ko a yi masa gashi da hasken da ake saitawa daidai kansa, ko a yanke. Wannan dama tana raguwa ne gwargwadon yadda aka bar shi ya girma. Ku tuna kuma cewa asalin ciwon Baba daga hanji yake, don haka hoton ba tabon kaɗai yake dubawa ba, yana duba sauran sassan huhun biyu, kuma likitansa zai so a haɗa da ciki saboda hanta ita ce wurin da sankarar hanji ta fi yin reshe. Ku nemi a tsara muku hoton ƙirji da na ciki da gwajin jinin CEA, wanda ake bibiyar sankarar hanji da shi, a rana ɗaya, tafiya ɗaya ta wadatar, ku kuma tuntuɓi sashen walwalar marasa lafiya na asibitin ko akwai rangwamen da za a iya samu.

Maganar ƙoda tana da tushe amma an zuzuta ta. Haɗarin ya fi shafar wanda ƙodarsa ta riga ta yi rauni sosai, shi ya sa ake gwajin ƙoda kafin kowane hoto mai rini. Idan sakamakon ya yi kyau, yawanci babu abin da ake canzawa. Idan ya nuna rauni, likita yana iya cewa a dakatar da metfomin daga ranar hoton har awa 48, a sake gwaji sannan a ci gaba, ko kuma a yi hoton babu rini. Kada Baba ya ajiye maganinsa da kansa. Ya sha ruwa sosai kafin hoton da bayansa, kuma idan ranar ta faɗo cikin watan azumi ko tsananin zafin bazara, ku sanar da likita tun da wuri domin a tsara yadda ba zai zo da ƙishirwa a jikinsa ba. Ku karɓi ranar hoton wata na uku tun a wannan zuwan da za ku yi da faifan, a lissafa ta daga ranar da aka yi aikin a Alƙahira, ba daga ranar hoton da ya gabata ba.